Ku Tambaya Mu Amsa: Haɗa Alluna Da Yawa Su Zama Bangon Talla Guda

Filin namu na wannan fitowa ya karkata ne ga wasiƙun da suka taru daga masu karatu na Katsina da Daura a kan bangon alluna, wato allunan talabijin da ake jerawa kusa da juna a haɗa su su riƙa nuna hoto guda ko sanarwa guda, irin waɗanda ake gani a filayen jirgin sama da manyan kantuna da ɗakunan taro. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon wayoyi da kayan lantarki a kan titin IBB cikin birnin Katsina, kuma ina son in jera talabijin huɗu masu inci 55 a bangon da ke kallon ƙofa domin tallar kayana. Yaron shagona ya ce in sayi talabijin na gida kawai tare da wani ɗan akwati mai raba hoto gida huɗu, tunda sun fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Shin akwai illa a yin hakan? Daga wani ɗan kasuwa, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Akwatin da yaronka yake nufi akwai shi, kuma yana aiki: yakan karɓi hoto ɗaya ta wayar HDMI, ya yanka shi gida huɗu, ya aika wa kowane allo rabonsa. Sai dai kafin ka fitar da kuɗinka ya kamata ka san abin da za ka rasa.

Abin da ido zai fara kamawa shi ne baki. Talabijin na gida yana da baki a kewayensa, kuma na ƙasa yakan fi na sama kauri, domin a nan ne kamfani yake sa sunansa da idon da ke karɓar umarnin rimot. Idan aka kara biyu, kaurin wannan da na wancan sukan taru su zama baƙin layi mai faɗi. Allunan da aka ƙera domin wannan aiki kuwa, tazarar da ke tsakanin hoton ɗaya da na maƙwabcinsa takan kasance milimita 3.5 ko 1.8, masu tsadar cikinsu ma ba ta kai milimita 1 ba. Wannan magana tana da nauyi musamman a jerin huɗu, biyu sama biyu ƙasa, saboda layukan suna gamuwa ne daidai tsakiyar hoto, inda mai ɗaukar hoto ya saba ajiye fuskar mutum ko wayar da ake tallatawa.

Sannan akwai juriya. An yi talabijin na gida ne domin kallon 'yan sa'o'i a yini, shi kuwa allon kasuwanci za ka ga an rubuta 16/7 ko 24/7 a takardarsa, ma'ana an yi shi ne ya yi aiki sa'o'i 16 ko 24 a kowace rana ta mako. Kamfanoni da dama ma sukan rubuta cewa garantin talabijin na gida ba ya aiki idan an sa shi a aikin kasuwanci. Haske ma ba ɗaya ba ne. Ana auna shi da wani ma'auni da ake kira nit, kuma talabijin na gida masu matsakaicin kuɗi sukan tsaya tsakanin 250 da 350, allunan bango kuwa sukan ba da 500 zuwa 700. Bangonka yana kallon ƙofa, don haka da ranar Katsina ta take, hoton talabijin na gida zai dusashe ga wanda yake tsaye a waje, wato ainihin mutumin da kake son ka jawo.

Abin da ya fi gajiyar da masu shago, a ganina, shi ne abin da ke faruwa bayan an ɗauke wuta an dawo da ita. Yawancin talabijin na gida sukan tsaya da ɗan jan ɗigonsu suna jiran a kunna su. Yaro ya ɗauki rimot ya latsa, uku su kama, na huɗu ya ƙi; ya sake latsawa domin na huɗun, sai ukun farko su mutu. Allon kasuwanci yana da tsarin da zai tashi da kansa idan wuta ta dawo, ya koma kan hanyar da aka bar shi, kuma ana ba kowanne lambarsa domin a yi masa umarni shi kaɗai ta waya.

Da ni ne kai, Alhaji, da na fara auna shagon tukuna. Alluna huɗu masu inci 55 suna ba da hoto mai inci 110, faɗinsa kusan mita 2.4, tsayinsa kusan mita 1.4. Yanzu ana samun allo guda mai inci 86, har ma da mai inci 98. Idan daga ƙofa zuwa bango bai wuce 'yan mitoci ba, allo guda babba na kasuwanci ya fi maka alheri, domin babu layi a tsakiyarsa, waya ɗaya yake buƙata, kuma ba za ka taɓa fama da saɓanin launi tsakanin alluna ba.

Tambaya: Ina gina ɗakin taro a Daura domin bukukuwan aure da walimar saukar Alƙur'ani da tarukan ƙungiyoyi. Daga dandamali zuwa kujerar ƙarshe akwai kamar mita 25. Wani ya ba ni shawarar alluna tara na LCD, wani kuma ya ce in sa na LED. Wanne ya dace, kuma yaya zan gane mai kyau? Daga wata Hajiya, Daura.

Amsa: Hajiya, Allah ya sa a gama lafiya. A irin wannan ɗaki na fi karkata ga LED, amma bari in shimfiɗa dalilan domin ki iya tuhumar duk wanda ya zo miki da takardar farashi.

Alluna tara na LCD, wato irin na talabijin, masu inci 55, uku a jere sau uku, za su ba ki faɗin kusan mita 3.6 da tsayin kusan mita 2. Hotonsu yana da laushi ƙwarai ko da mutum ya matso dab da su, kuma jerin tara ya fi jerin huɗu kyau domin tsakiyarsa allo ne cikakke. Duk da haka layuka huɗu suna ratsa hoton, biyu a tsaye biyu a kwance, kuma fuskar allunan gilashi ce mai laushin baki, a wurin da ake hawa da sauka da kujeru da kayan ado duk mako.

Shi kuwa bangon LED ana haɗa shi ne da ƙananan akwatuna, da yawansu rabin mita a faɗi rabin mita a tsayi, waɗanda fuskarsu cike take da 'yan ƙananan fitilu. Ba su da baki, saboda haka idan an haɗa su da kyau babu layin da za a gani, kuma idan wani ɓangare ya mutu ana cire wannan guntun kaɗai a sa wani. Abin da za ki fara tambaya shi ne lambar da ke biye da harafin P. Idan aka ce P2.5 ko P3.9 ko P10, ana nufin tazarar da ke tsakanin ɗigo da ɗigo ce, wato fitilun nan, a milimita. Masu aikin suna da ƙa'ida mai sauƙi: lambar nan ita ce kusan yawan mitocin da ya kamata mai kallo ya ja da baya kafin ɗigogin su narke su zama hoto. Don haka kujerar da za ki auna ita ce ta gaba, ba ta ƙarshe ba. Idan manyan baƙi za su zauna mita 4 ko 5 daga bango, P3.9 ya isa, P2.5 kuma ya fi kyau idan aljihu zai ɗauka. P10 na bakin titi ne, kada ki bari a sa miki shi a cikin ɗaki komai arahar sa.

Ga misali domin ki ga yadda lissafin yake. Akwatin P3.9 mai rabin mita yana ɗauke da ɗigo 128 a faɗi da 128 a tsayi. Idan aka jera bakwai a faɗi, huɗu a tsayi, wato akwatuna 28, an sami bango mai mita 3.5 da mita 2, kuma ɗigoginsa 896 ne a faɗi, 512 a tsayi. Wannan siffa ta yi kusa da 16:9, wadda ita ce siffar bidiyon da masu ɗaukar biki suke kawowa, don haka amarya ba za ta fito a miƙe ko a matse ba. Amma ki lura, ɗigogin ba su kai rabin na talabijin mai 1920 da 1080 a kowane gefe ba, saboda haka ƙananan rubutu ba za su karantu ba, dole a yi su manya.

Akwai wata lamba da masu sayarwa ba su cika ambata ba sai an tambaye su, ita ce saurin sabunta hoto, wanda ake rubutawa 1920Hz ko 3840Hz. Ido ba ya ganin bambancinsu sosai, kyamara kuwa tana gani. Idan saurin ya yi ƙasa, sai ki ga baƙaƙen layuka suna gudu a bayan ango da amarya cikin bidiyon biki, kuma a ɗakin taro wannan aibi ne babba, domin bidiyon nan ne tallar da za ta kawo miki masu haya na gaba. Ki nemi 3840Hz, kuma kafin ki biya ki sa a kunna miki samfuri, ki ɗauke shi da wayarki da kyamarar wani mai ɗaukar biki. Ki kuma tambayi sunan na'urar da ke sarrafa bangon. NovaStar tana cikin waɗanda suka fi yaɗuwa, kuma amfanin yaɗuwa shi ne ba za ki rasa wanda ya iya gyara tsarinta ba. A ƙarshe ki sa a rubuta a yarjejeniya cewa za a ba ki guntayen fuska na ajiya daga rukunin da aka ƙera tare da naki, tare da fayil ɗin tsarin bangon a kan filash.

Tambaya: A ofishinmu da ke kusa da Ƙofar Ƙaura muna da alluna tara a ɗakin karɓar baƙi. Duk lokacin da aka juya daga wutar gari zuwa janareta sai bireka ta faɗi, kuma allo ɗaya ya riga ya ƙone. Muna tunanin mayar da su kan sola. Me za mu yi? Daga wani jami'in kula da kayan aiki, Katsina.

Amsa: Malam, wannan ita ce tambayar da na so a ce kowa ya yi ta kafin ya sayi allo ko ɗaya, domin a ƙasarmu wuta da zafi su ne suke yanke tsawon ran bango, sunan kamfanin da ya ƙera shi yana biyo baya ne.

Faɗuwar bireka tana da dalili sananne. A daidai lokacin da wuta ta shiga allo, yakan zuƙi ƙarfin da ya ninka abin da yake ci a aikinsa na yau da kullum, na ɗan ƙiftawar ido. Idan tara suka yi haka a tare, bireka takan ɗauka matsala ce ta yanke. Allunan kasuwanci suna da wani tsari a cikinsu na jinkirta tashi, inda za ka ba na farko daƙiƙa 1, na biyu daƙiƙa 2 ko 3, haka har na tara, su riƙa tashi bi da bi. Ka fara da wannan, ba ya cin ko kwabo. Bayan haka a kira mai aikin wuta da ya san hannunsa ya ware wa bangon layinsa shi kaɗai, kada ya haɗa layi da na'urar sanyaya ɗaki ko famfon tura ruwa, ya tabbatar akwai wayar ƙasa ta gaske wadda aka binne sandarta, ya kuma sa na'urar kare kaya daga tsallen wuta a akwatin rabawa. Wutarmu ta ƙa'ida bolt 230 ce, amma a lokacin juyawa zuwa janareta takan yi sama ko ƙasa, kuma ɓangaren da ke karɓar wuta a cikin allo shi ne yake fara shan wahalar. Abin da ya fi dacewa shi ne wutar bangon ta riƙa bi ta cikin inbata mai tsabtar wuta, ko na'urar ajiyar wuta ta UPS irin wadda kaya suke ci daga gare ta a kowane lokaci, ta yadda alluna ba za su ma san an juya ba.

Maganar sola kuma lissafi ce. Ka duba takardar da ke manne a bayan allo. Mu ɗauka ta ce wat 150. Tara sun zama wat 1,350, ban da na'urar da ke kunna hoto. A sa'o'i 10 na aiki, wannan ya kai kilowat-awa 13.5. Batir ɗin ruwa mai 200Ah da bolt 12 yana ɗauke da kilowat-awa 2.4 a takarda, kuma idan ana son ya daɗe ba a zuƙe fiye da rabinsa, don haka guda ɗaya ba zai riƙe muku bango na cikakkiyar sa'a ba. Batir ɗin litiyam mai kilowat-awa 5 zai kai kusan sa'o'i 3. Sa'ar da kuka yi ita ce aikin ofis da rana ake yin sa, lokacin da faifan sola suke bayarwa, saboda haka nauyin ya fi komawa kan yawan faifai da girman inbata. Kuma akwai rangwame a hannunku: ɗakin karɓar baƙi ba ya buƙatar haske ɗari bisa ɗari. Idan kuka rage fitilar bayan allo zuwa kashi 60 ko 70, cin wuta zai ragu, zafi zai ragu, ran allunan zai ƙaru. Ku kuma sa musu agogon kashe kansu bayan an tashi daga aiki.

Kada ku manta cewa kusan duk wat ɗin nan 1,350 zafi yake komawa a cikin ɗakin, kuma hakan ya kai kimanin rabin abin da na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya take iya kwashewa. Yawancin alluna an rubuta musu su yi aiki ne tsakanin digiri 0 da 40, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin Katsina yakan kai 40 har ya wuce a inuwa. Zafi sama yake hawa, don haka jerin sama ne yake cikin haɗari. Ka sa hannu a saman bangon da azahar ka ji. Idan an rufe kewayensa da katako ko silin ba a bar mashigar iska a ƙasa da mafita a sama ba, a buɗe, a sa ƙananan fankoki masu jan iska sama.

Tambaya: Allo ɗaya ya lalace a bangonmu muka sayo sabo irinsa sak, amma farinsa ya fi na sauran haske, sauran kuma sun yi kamar ruwan ɗorawa. An cuce mu ne? Daga wani mai karatu, Daura.

Amsa: Ba lallai ba ne an cuce ku, Malam. Fitilar da ke bayan allon LCD tana raguwa a hankali gwargwadon sa'o'in da ta yi tana ci, launinta ma yana ɗan sauyawa. Kamfanoni da yawa sukan ƙiyasta mata sa'o'i 50,000, wato shekara biyar da watanni idan ba a kashewa dare da rana, amma raguwar tana farawa tun kafin nan. Sabon allo ba zai iya jawo tsofaffi su kamo shi ba, shi ne za a rage wa haske ya sauko inda suke. A nuna farin hoto zalla a kan bangon gaba ɗaya bayan alluna sun yi kamar rabin sa'a a kunne, a kashe duk wani tsari na daidaita haske da kansa, a tabbatar dukansu suna kan salon hoto iri ɗaya, sannan a daidaita hasken sabon, a bi da ja da kore da shuɗi har farinsa ya yi kama da na maƙwabtansa. A maimaita da ruwan toka. Akwai ɗan ma'aunin launi da ƙwararru suke mannawa a fuskar allo, kuma aikinsa ya fi na ido daidai. Idan bambancin bai ɓace sarai ba, a mayar da sabon can kusurwa, inda ido bai cika tsayawa ba.

Tambaya: Ni mai walda ne, ina kuma ɗaura talabijin a gidaje. An ba ni aikin ɗaura alluna shida a wani kanti a Sabon Layi. Zan iya ƙera ƙarfen da kaina? Daga wani matashi, Katsina.

Amsa: Ƙanena, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ka ƙera firam ɗin da zai zauna a jikin bango, amma maƙalan da za su riƙe alluna a sayo na ainihi. Dalili shi ne allo mai siririn baki yana tona asirin kuskuren milimita ɗaya, kuma maƙalan da aka yi domin wannan aiki suna da notocin da ake murzawa a matsar da allo sama ko ƙasa, dama ko hagu, ciki ko waje, bayan an riga an rataye shi. Suna kuma da tsarin da idan ka danna allo zai turo kansa waje, ta yadda za a gyara na tsakiya ba tare da an sauke maƙwabtansa ba. Walda ba za ta ba ka wannan ba komai kyawun hannunka.

Ka duba bangon tukuna. Allo mai inci 55 yakan kai kilo 20 ko fiye, ban da maƙalinsa, kuma filastar gine-ginenmu ba ta cika miƙewa ba. Idan bulo ne mai rami ko katako ne aka raba ɗaki da shi, firam ɗinka ya sauka har ƙasa ya ɗauki nauyin. Ka fara da jerin ƙasa, ka daidaita shi da ma'aunin ruwa irin na magina ko na laser, domin duk karkatar da ka bari a ƙasa za ta ƙaru a sama. Kada allon sama ya zauna a kan na ƙasa, kowanne maƙalinsa ne zai ɗauke shi. Ka bar 'yar tazara tsakaninsu wadda ɗan katin adireshi irin na 'yan kasuwa zai iya shiga ya fita, saboda ƙarfe yana buɗewa idan ya ɗauki zafi, kuma allunan da aka matse su kan fashe daga gefe. Mutum biyu su ɗauki kowane allo ta hannayen da ke bayansa, a tsaye, kada a jingina shi a kan kusurwarsa.

Game da wayoyi, HDMI ta yau da kullum takan fara ba da matsala idan ta wuce mita 10 zuwa 15, ta fi saurin gazawa ma idan hoton 4K ne, wato mai ɗigo 3840 da 2160. Idan na'urar kunna hoto tana nesa, a yi amfani da HDBaseT, wanda ke kai hoto har mita 100 a kan wayar sadarwar kwamfuta ta Cat6, ko HDMI mai zaren gilashi. Ka rubuta lamba a kan kowace waya a bakinta biyu kafin ka rufe.

Tambaya: Muna da kantunan magani da kayan masarufi a Katsina da Daura da Funtuwa, kowanne da bangon alluna huɗu. Yanzu da filash muke sauya talla, sai wani reshe ya yi wata guda yana nuna tsohon farashi. Kuma idan muka rubuta Hausa, haruffa masu ƙugiya sukan fito kamar akwati. Mece ce mafita? Daga wani manaja, Katsina.

Amsa: Ranka ya daɗe, abin da kuke buƙata shi ne manhajar sarrafa talla daga wuri guda. Kowane bango zai sami 'yar na'urar kunna hoto da ke haɗe da intanet, kai kuma daga kwamfutarka a Katsina za ka ɗora hoto, ka zaɓi reshe, ka sa ranar farawa da ranar ƙarewa. Allunan Samsung na kasuwanci suna da MagicINFO, na LG suna da SuperSign, akwai na'urorin BrightSign da aka sani da juriya, akwai kuma Xibo wadda manhaja ce buɗaɗɗiya da za ku iya ɗorawa a kan kwamfutarku. Wasu ana biyan kuɗinsu duk wata ko duk shekara a kan kowane allo, kuma sau da yawa da dala, don haka ku tambayi wannan tun farko. Sharaɗin da ba zan sassauta a kansa ba shi ne na'urar ta riƙa sauke talla ta ajiye a cikinta, ta ci gaba da nunawa ko da intanet ta yanke, sannan manhajar ta iya nuna maka hoton abin da kowane bango yake nunawa a wannan lokaci, domin ka ga na Funtuwa da idonka ba sai ka buga waya ba. Ranar ƙarewa kuwa ita ce maganin tsohon farashi: duk tallar da ke ɗauke da kuɗi a sa mata ranar da za ta sauka da kanta.

Ku kula da girman abin da kuke ɗorawa. Alluna huɗu masu ɗigo 1920 da 1080 idan sun haɗu sun zama 3840 da 2160, wato 4K daidai. Idan aka ba su hoton da ya bi ta WhatsApp, wanda ya riga ya matse shi, za a buɗe shi ne ya yi dishi-dishi. Ku nemi mai zanenku ya yi aiki a kan 3840 da 2160, ya aiko da fayil ɗin yadda yake, ya kuma ja layukan haɗuwar alluna a kan zanensa domin kada lambar farashi ko idon mutum su faɗa a kansu. A cikin allunan akwai tsarin da ke ɓoye ɗan abin da ya faɗa bayan baki domin layin da ya karkata ya ci gaba daidai a allo na gaba. Yana gyara hoto, amma yana iya cinye harafi, shi ya sa rubutu yake nesa da layi. Masu aikin alamu suna ƙiyasta tsayin harafi santimita 2.5 ga kowane mita 3 na nisan mai karatu. Kuma kada tambarin kanti ya zauna a wuri ɗaya wata da watanni, domin allon LCD yakan riƙe inuwar abin da ya daɗe bai motsa ba.

Akwatunan da kuke gani a wurin ƙ da ɗ da ɓ alama ce cewa salon rubutun da ke cikin na'urar ba shi da waɗannan haruffa. Noto Sans da Andika da Charis SIL suna da su, kuma kyauta ake samun su. Ku ɗora ɗaya a cikin manhajar, ko kuma mai zane ya mayar da rubutun hoto kafin ya aiko. Ina roƙonku kada ku bi hanyar sauƙi ta cire ƙugiyar, domin allon da ɗaruruwan mutane suke karantawa a yini, har da yara 'yan makaranta, ya kamata ya rubuta Hausa daidai.

A kowane reshe ku ɗora wa mutum ɗaya, da sunansa, alhakin duba bango da safe da goge shi. A lokacin hunturu ƙura takan toshe ramukan shan iska na baya, don haka a riƙa hure su a kai a kai, fuskar kuma a goge ta da busasshen ƙyalle mai laushi bayan an kashe allo, ba a fesa ruwa a kanta, domin yakan gangara ya shiga ta siririn bakin. Ku sauya kalmar sirrin da na'urorin suka zo da ita, ku raba su da layin intanet ɗin da kuke ba baƙi, kuma asusun manhajar ya kasance da adireshin imel na kamfani, kada ya zama na wanda ya haɗa muku ko na ma'aikacin da zai iya barin aiki gobe.